Yusuf Bajamushe da Dutsen Hajiya Kulu

Jiya bayan la'asar ina zaune a ƙofar gida nan unguwar Hindawiyya a Makka, na ji wani saurayi yana gaya wa abokansa wai aikin balaɗ, wato shimfiɗa tayil, ba aiki ba ne, shi ya kalla a waya, cikin minti goma ya iya. A shafa siminti, a ɗora tayil, a buga da gudumar roba, halas, shi ke nan. Ban tanka masa ba, domin da na buɗe baki a lokacin, abin da zai fito ba na gaban jama'a ba ne. Shekara arba'in ina durƙushe a ɗakunan mutane har gwiwoyina suka koma irin na raƙumi, shi kuma ya iya a minti goma. To, shi da masu irin tunaninsa su karkaɗe kunne. Zan ba ku labarin mutumin da ya fi ni iya wannan aiki nesa ba kusa ba, wanda iyawar tasa ta kusa raba shi da matarsa da 'ya'yansa.

Ni a hannun Mu'allim Ɗan Gwandu na koya, Allah ya ji ƙansa. Shekara uku ina ɗaukar yashi ina jiƙa tayil a cikin duro kafin ya yarda in taɓa mizanin ruwa, wannan sandar mai ƙwayar iska a tsakiya da ake gane miƙewar ƙasa da ita. Kayan aikinsa duka a jaka ɗaya suke: mizani, zare, cokalin gini, gudumar roba, da wani kurfi na fasa ƙasa da ya girme ni. Abin da ya fi ba ni haushi da shi a lokacin, idan muka shiga gida ba ya fasa komai sai ya zauna a tsakiyar ɗakin an kawo masa shayi. Yana kurɓa yana tambaya: wa ke kwana a nan, wa ke wanke ƙasa, ta ina ake zubar da ruwan. Ni ina tsaye da guduma a hannu ina cewa a raina tsohon nan dai son banza ne da shi.

Akwai aikin da muka yi a unguwar Tandabawi, ɗakin wata dattijuwa Hajiya Kulu, wadda ta zo Makka tana yarinya tare da iyayenta, a ƙafa ta Sudan. Lokacin idonta ya fara rufewa. Ku da kuka taso a gida Najeriya ko Nijar kun san salla gabas ake dubawa, ko makaho ya sani. A Makka ba haka ba ne. Ka'aba tana tsakiyarmu, kowace unguwa da inda take fuskanta, wani gidan ma alƙiblarsa a kan kusurwar ɗaki take faɗawa. Na Hajiya Kulu haka yake. Mu'allim ya hau rufin gidan, lokacin ana hango hasumiyoyin Harami daga can, ya ja zare ya sauko da shi ta taga. Sannan ya sa na yanko siririn dutse mai kaushi, faɗin yatsu biyu, tsawon kamu biyu, muka dasa shi a karkace a gaban gadonta, ya ɗara tayil ɗin tudu da kaurin farce. Idan ta sauko daga gado sai ta laluba da ƙafa, ta bi dutsen, ta shimfiɗa dardumarta a kansa ba tare da ta kira kowa ba. Wanda bai sani ba idan ya gani zai ce wani shashasha ne ya yi faci.

Ku riƙe wannan dutse, za mu dawo kansa.

Yusuf na fara ganinsa a wani babban otal da ake ginawa kusa da Harami, shekaru da yawa bayan rasuwar Mu'allim. Farin mutum dogo, wuyansa ja zir saboda rana, da buhun siminti a kafaɗa. Leburori suka daina aiki suna kallo, domin mu a saninmu Bature da takarda yake yawo a hannu yana nuna wa mutane. Wannan kuwa lebura ne kamar kowa. Bajamushe ne, ya musulunta tun a garinsu a hannun wasu Turkawa da yake aikin gini da su, kamfanin marmara ya kawo shi. Aka haɗa mu ɗaki ɗaya. Ranar farko ya ɗora mizani a kan layin da na shimfiɗa, ya dube ni, ya ciro tayil huɗu ya sake su. Ban san shi ba, bai san ni ba, ko sallama ba mu gama ba. Na yi niyyar in ɗora masa mizanin a ka, sai na duba na ga gaskiyarsa.

Da kamfanin ya gama ya tafi, shi bai tafi ba, don a lokacin ya riga ya auri ƙanwata Rukayya. Kada ku tambaye ni yadda aka yi. Na kawo shi gida shan ruwa da azumi sau uku, na huɗun sai ga shi da wani limami ɗan Turkiyya wai waliyyinsa ne. Ya koyi Hausa a bakinta, ya iya cin tuwo da hannu, suka haifi uku: Maryam, Hamza, da Safiya. A gida yana ce mini Yaya, a wurin aiki Mu'allim Usman, kuma bai taɓa cakuɗa su ba ko da mantuwa.

Aikinmu na farko mu biyu a unguwar Ka'akiyya ne, falon wani mai tasi. Na bar shi da shi na tafi wani gidan. Ya shimfiɗa ƙasa wadda tun da nake ban ga irinta ba, ko ina ka ɗora mizani ƙwayar tana tsakiya cif. Kwana biyu matar gidan ta aiko a kira mu. Muka tarar da ita tsaye cikin ruwa har idon sawu.

“Wane ne ya yi mini tafki a falo?” in ji ta.

Yusuf ya tambaye ta me ya kawo ruwa falo. Ta dube ni, ta dube shi. A ƙasarsu ashe da jiƙaƙƙen tsumma ake goge ɗaki. Matanmu kuwa bokiti uku suke kwararawa su bi da tsintsiya, ruwan ya gangara da kansa zuwa balla'a, wato rariyar da ke bakin ƙofa. Dole ƙasa ta ɗan sunkuya, kaɗan, yadda ido ba zai gani ba amma ruwa zai gane. Ya ce wannan ba daidai ba ne. Na ce to je ka gaya wa matan Makka su daina wanke gidajensu. Muka fasa falon muka sake, yana yi yana huci kamar an sa shi ya yanka ɗansa. Amma daga ranar bai ƙara kuskuren gangara ba, har ya zo ya fi ni.

Halayensa kuwa, sai wanda ya zauna da shi. Ƙarfe bakwai a wurinsa bakwai ce, ko da unguwarku ce ta kama da wuta. Kafin ya fasa ƙasa sai ya ɗauke ta hoto ta kusurwa huɗu, da sandar awo a shimfiɗe. Ɓaraguzan da kowa ke lodawa a mota a kai bayan gari, shi sai ya tsuguna ya ware su: siminti daban, fasasshen tayil daban, dutse daban. Dutsen ba ya zubarwa. Buhu yake sa shi, ya rubuta sunan gidan, ya kai rufin gidansa. Rukayya ta yi faɗa har ta gaji, ta ce ta rasa inda za ta shanya wanki. Ni ma na yi nawa. Amsarsa ɗaya ce kullum, wai dutse ba shara ba ne.

Yanzu ku ji inda ƙullin yake. Ni da Rukayya a nan aka haife mu, iyayenmu sun zo hajji suka zauna, ba mu da takardar kowace ƙasa. Malamin unguwa ne ya ɗaura aurensu, don haka yaran ma ba su da komai. Yusuf ya yi shekaru yana zirga-zirga da fayil a hammata, duk inda ya je a ce ya kawo takardar haihuwar uwar, ita kuwa a kan tabarma aka haife ta a wannan lungu. Shi kaɗai ke da iƙama, katin zama, a ƙarƙashin kafilinsa, wato mai ɗaukar nauyin zamansa, Shaikh Bakur, ɗan ƙasa ne amma jininmu, mai ƙaramar ma'aikatar gine-gine. Ranar da Bakur ya ƙi sabunta katin, Yusuf jirgi zai hau, kuma babu ɗaya cikin mutum huɗun nan da zai iya binsa ko da zuwa filin jirgin. Bakur ɗin kuwa ɗan Hajiya Kulu ne.

Sai ga muguwar shekarar nan da cuta ta rufe gari. Ba alhazai, ba masu umra, otal-otal duhu, babu mai son baƙo ya shigo masa gida balle ya fasa masa ƙasa. Wata biyar ban taɓa cokalin gini ba. Da aka ɗan sassauta, Bakur ya fara sallamar ma'aikatansa ɗaya bayan ɗaya, katin Yusuf kuma saura wata biyu ya mutu. Rannan ya kira mu ya ce tayil ɗin gidan mahaifiyarsa ya farfashe, ya kai ta Ka'akiyya wurin ƙanwarsa na mako guda, mu gyara. Ya ƙara da cewa daga wannan aikin zai san wanda zai riƙe.

Ranar farawa na makara da rabin awa, na tsaya gaisuwar mutuwa a maƙwabta. Na iso na tarar da Yusuf da Bakur a ƙofa. A gaban Bakur, mutumin nan ya dubi agogonsa ya ce, “Mu'allim Usman ba ya amfani da irin wannan.” Bakur ya yi dariya. Da muka shiga na ce, “Akwai wani abu a ɗakin Hajiya da ya kamata ka...” Sai ya ɗaga mini hannu.

“Ɗaki nawa ne. Matakala taka.”

Na ɗauki jakata na tafi matakala. Gaskiya zan faɗa muku, tunda na ce zan faɗa. Na ji ƙarar gudumarsa a ɗakin, na san abin da take fasawa, ban motsa ba. Na ce a raina bari ya gama ƙasarsa mai kyau, ranar ƙarshe in zo a gaban Bakur in tambaye shi ina dutsen alƙibla, in ga yadda jan wuyan nan zai ƙara ja, sannan in dasa wani. Kwana biyar muna aiki gida ɗaya, shayi ma kowa da butarsa. Mutum mai furfura, ina gaba da mijin ƙanwata a kan agogo.

Abin da ban lissafa ba, Hajiya ta ƙi zaman Ka'akiyya. Ranar da ya gama ɗakin, da yamma bayan mun tashi, ta sa aka maido ta. Matan gidan suka ga ɗaki ya yi fes, suka juya gadon zuwa wani bangon wai ya fi kyau a can. Washegari Bakur ya bugo ya ce mu dakata da matakalar sai wani makon, tsohuwa na son hutu. Na ce to, ai yanzu dole wani ya lura. Babu wanda ya lura. Shekara ashirin da wani abu tana salla ita kaɗai a ɗakinta, har mutanen gidan sun manta yadda take yi. Ta laluba da ƙafa ba ta ji komai ba, kuma mace ce da ba ta taɓa cewa a nuna mata Ka'aba ba, ba za ta fara a tsufanta ba. Ta ƙiyasta daga gado kamar kullum. Kwana uku tana haka, sai wata jikarta ta shigo ta ce, “Sitti, ai kin juya wa Harami baya.”

Da Bakur ya kira mu, mun same ta zaune a bakin gado, an ce tun jiya ba ta ci komai ba, tana ta rama salloli goma sha biyar tana kuka. Shi kuwa Larabci yake zubawa da Hausa a haɗe.

“Ya shaikh, uwata ta tako daga ƙasar Hausa don ta fuskanci ɗakin Allah, kai ka zo daga Almaniya ka juyar da ita? Halas. Huruj zan buga maka.” Huruj shi ne fita ba dawowa.

Yusuf ya juya wurin Hajiya. Ya ce zai sa mata siririn ƙarfen tagulla a ƙasa, ya auna da na'ura, ba zai kauce ko da gashi ɗaya ba. Ya ce akwai waya mai magana da ke faɗin alƙibla. Sai tsohuwar ta ɗago kai.

“Ɗan nan, ba na son tagullarka. Ƙafata ba ta san ta ba. Ina dutsena?”

Bakur ya ce, “Ka ji. Jibi Juma'a. Dutsen uwata ya koma inda yake, shi ɗin ba wani ba, ko ka haɗa kayanka.” Ya faɗa ne don ya san ɓaraguzai bayan gari ake kai su, wa zai tono dutse guda a can.

Ni na san da buhunan rufi, na zuba wa Yusuf ido ina jira ya ce yana nan. Bai ce ba. Muka fito, na kama hannun rigarsa na ce don Allah me ya hana ka magana? Ya ce bai ƙirga gutsattsarin ba, shi ba ya faɗin abin da bai tabbatar ba. Mutum ana shirin raba shi da iyalinsa, yana maganar ƙirga. Wallahi da ba a titi muke ba da na shaƙe shi.

Muka hau rufin gidansa da tsakar rana. Rukayya ta biyo mu ta tsaya a bakin matakala, hannunta a kan baki. Ya zazzage buhun Tandabawi, ya buɗe hoton da ya ɗauka, muka shiga jerawa. Dutsen ya karye bakwai. Muka sami shida. Na tsakiyar babu, kuma ni na san shi ne dutsen, sauran rakiya ne, don a nan babban yatsanta ke sauka. Na sake zazzage buhun, na kakkaɓe shi. Sai na ga Yusuf ya sauka ƙasa ya dawo da akwatin kayan aikinsa. Daga ƙasan akwatin ya ciro wani abu a naɗe cikin tsumma. Shi ne. Dutse mai kaushi, amma tsakiyarsa ta yi sumul tana sheƙi, har da ɗan kwarmi.

“Na ga wannan ranar da na fasa,” in ji shi. “Ba inji ne ya goge shi ba. Na so in tambaye ka mene ne. Amma ba ka magana da ni.”

Na ce masa ƙafar mutum ce, sau biyar a rana.

Ranar Alhamis muka yi aikin, kuma a nan nake so mai minti goma ya saurara. Yanka tayil da aka riga aka shimfiɗa, a karkace, ba tare da gefensa ya ɓare ba, ba wasa ba ne. Gine-gine sun rufe Harami, ba a hango komai daga rufin yanzu, don haka hotonsa da sandar awon da nake yi wa dariya su suka ba mu inda layin yake. Muka maido da gado mazauninsa. Ya manna tef, ya ja layi biyu, ya ɗauki saruk, injin yankan, ni ina ɗiga masa ruwa a kan wuƙar. Ba a nutsa ta gaba ɗaya, shafa ake yi sau biyar sau shida, hannu ba ya rawa, numfashi ma a hankali. Ƙasar da ya kwana biyar yana lallaɓawa, shi da kansa ya tsaga ta. Da muka zo dasawa ya ɗauko mizani zai daidaita dutsen da tayil. Na ce a'a, ya ɗara da kaurin farce. Ya ajiye mizanin. Da muka gama ya tsaya ya dubi gutsattsari bakwai da tabon siminti a tsakaninsu, ya ce tun da ya fara aiki bai taɓa yin abu mai muni irin wannan ba.

Ranar Juma'a da la'asar aka shigo da Hajiya. Muna tsaye a bakin ƙofa, ni da shi da Bakur. Ta zauna a gado, ta zuro ƙafar dama, ta shafa sabon tayil, ta matsa gaba. Ƙafar ta ci karo da kaushi ta tsaya. Ta bi shi a hankali, tana tsallake tabo ɗaya bayan ɗaya, har babban yatsan ya faɗa cikin kwarminsa. Ta daɗe a haka. Ba ta yi wa kowa godiya ba, ba ta ma juyo ba. Ta miƙe, ta warware dardumarta, ta ɗaga hannu ta yi kabbara.

Bakur ya ja mu waje. Ya share fuska da gefen rawaninsa, ya miƙa wa Yusuf hannu ba tare da ya dube shi ba, ya ce, “Hat, kawo katin. Lahadi zan sabunta.”

Muna saukowa kan matakalar da ban gama ba, Yusuf ya tsaya.

“Kai ka yanka dutsen nan tun farko.”

Na ce ni ne.

“Ka san yana ɗakin lokacin da nake fasawa.”

Na ce na sani. Na tsaya ina jiran duk abin da zai biyo baya, domin na cancanta, kuma da ya gaya wa Rukayya da har yau ban ƙara shan ruwan gidanta ba. Ya kalle ni da idanun nan nasa masu kama da na mage. Sannan ya dubi agogo.

“Gobe bakwai, Yaya.”

A wurin aiki muke, da siminti a hannunmu, ya ce mini Yaya. Bai taɓa gaya wa Rukayya ba, ni ne na gaya mata da bakina bara, ta yi wata guda ba ta gaishe ni ba.

Yaran har yanzu ba su da takarda, yana nan yana yawo da fayil ɗinsa, kowace shekara kuma sai mu shiga ƙirga kwanaki idan katin ya kusa mutuwa. Ya tsufa, na tsufa, muna aiki tare muna faɗa. Sai dai yanzu duk gidan da muka shiga, Bajamushen nan ba ya taɓa guduma sai ya zauna a tsakiyar ɗaki ya ce a kawo shayi, ya tambayi wa ke kwana a nan, wa ke salla a nan. Wani lokacin har awa guda. Ni kuma ina tsaye a kansa da jaka a hannu, tun ƙarfe bakwai.